Faranti na Huɗu

Tsumman yana hannun Auta, ruwa na ɗiga daga jikinsa, lokacin da ta hango takardar an dunƙule ta an cusa a bayan tankin ruwa.

Ta warware. Rubutun Dogo ne: "Faranti na huɗu. Kada a goge."

Ta ɗaga kai a hankali. Ga farantin sola na huɗu yana ƙyalli a saman benen tsangayarsu a jami'a, tas kamar yau aka sayo shi. Ita ta wanke shi da hannunta.

Ta sake karanta takardar...

Wata biyar ke nan Dogo, ɗalibin ajin ƙarshe kuma wanda take so, yana barin datti ya taru a kan farantin nan da gangan, yana auna yadda wutarsa ke raguwa. Saura wata ɗaya ya kai sakamakon taron masana. Ita kuwa yau ta fara hawowa saman nan, sati guda da Farfesa ya ɗauke ta cikin ɗaliban bincike. Gimbiya, 'yar ajin Dogo da ta daɗe tana kai masa kanta yana kaucewa, ita ta miƙa mata bokiti ta ce, "Duk wanda babu takarda a jikinsa, wanke shi, ƙanwata."

Sai ga takun Dogo a matattakala.

"Autata, kin ga sabon..."

Maganar ta tsaya. Ya dubi farantin, ya dubi tsumman. Da ma ya yi faɗa, da ta fi samun sauƙi.

"Wallahi babu takardar a jikinsa," ta ce. "Na ɗauka naka yana ɗaya gefen."

Ya karɓi tsumman, ya matse shi.

"Sauka. Ba ki hawo nan yau ba."

"Dogo..."

"Kin manta sharaɗin Baba? Kuskure ɗaya, ya raba ki da aikin nan. Ki bar ni da Farfesa."

Ba ta manta ba. "'Ya mace da hawa rufi kamar mai gyaran kwano?" haka Baba, mahaifinta, ya ce ranar da ya sa hannu a takardar amincewa da ƙyar. Shi ma Dogo an gaya masa kada ya turo magabatansa sai ya kammala bincikensa.

Tana tsaye a ƙofar ofishin Farfesa bayan Dogo ya shiga, tana jin komai.

"Kai da kanka ka wanke?" in ji Farfesa. "To ɗalibin da bai san farantinsa ba, ba shi da wuri a ɗakin bincikena."

Ba ta san lokacin da ta tura ƙofar ba.

"Ni ce, Farfesa."

Ta ajiye dunƙulalliyar takardar a kan tebur, ta faɗi inda ta tsince ta da wadda ta ba ta bokiti. Gimbiya, da ke gefe riƙe da fayil, ta sunkuyar da kai.

Farfesa ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

"Ke, ajiye fayil ɗin, ki jira ni a waje." Da Gimbiya ta fita, ya juyo. "Tsumma ya ɓata wata biyar. Ƙaryarka kuwa, Dogo, da ta shiga rahoto, ta ɓata aikin duka. Taron bana ya wuce ka. Ku sake daga farko, wata shida, ku biyu. Mahaifinki ni zan kira shi, in gaya masa irin ɗalibar da nake nema ke nan."

A matattakala ta bi bayan Dogo. Hawa ɗaya, hawa biyu... sai ta sha gabansa.

"Ka tsane ni ko?"

"Taron ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba."

"Na ƙara mana wata biyar. Za ka iya jira?"

Ya tsaya, ya dube ta, murmushi ya ƙwace masa.

"Mutumin da ya yi wata biyar yana jiran datti ya taru, ke ce zai kasa jira, abar ƙaunata?"

Ta rufe fuska tana kuka tana dariya.

Washegari suka hau tare da gwangwanin jan fenti. A jikin ƙarfen farantin, inda hannu ba zai iya cirewa ba, Auta ta rubuta da kanta: "Kada a goge."

Ranar da farantin ya cika wata shida da dattinsa, magabatan Dogo suka yi sallama a ƙofar Baba.