Rabon Ƙasa

Ni Anacleto, ɗingishin nan nawa ba na tsufa ba ne. Ban yi boko ba, amma a filin gishirin Uyuni ba a taɓa wuce akwalar motata ba.

Daren jajiberin tseren motoci na fita gwaji. Giyar da a al'adarmu ake zuba wa ƙasa a gindin taya a matsayin rabonta, na shanye abata.

Ina tsula gudu na wuce wani tsoho a tsaye. Can na sake wuce shi. Sau bakwai, ban karya sitiyari ba, mai na ƙarewa.

Na fito. "Kawu, ina hanyar gari?"

"Sannu, sarkin gudu," ya ce, muryarsa ƙaras-ƙaras. "Ni ma tawa giyar na shanye."

Na haska ƙafarsa. Gishiri ya cinye ta har gwiwa. Na ɗaga tawa, ta ƙi. A ƙafar nan da nake ɗingishi da ita ƙasa ta karɓi rabonta.