Ruwan da Yelwa Ta Nuna

Ran da Yelwa ta fara ganin Halliru, yana tsaye cikin rafin bayan Zoza, ruwa har gwiwa, yana awo da sanda. Ta sauke ƙwaryar nono ta tuntsire da dariya.

"Malam, me ya faɗi maka?"

"Lantarki nake nema, 'yammata."

Shekara huɗu ya yi a Jos wajen Turawan kuza, can ya ga yadda ruwa ke juya inji ya haska gari. Ya dawo da tsohon inji da zumuɗi fal cikinsa. Kafin damina ta raba, zuciyar Yelwa ta bar hannunta.

Mahaifinta, Arɗo Ilu, bai ga abin so ba. Ga Barau mai awon gyaɗa yana zarya, har keke gare shi.

"Yaro, wa zai sayi haske alhali yana da aci-balbal?" in ji Arɗo. "In injinka ya ciyar da kai zuwa bazara, turo magabatanka. In ya gaza, Barau na jira."

Halliru ya kafa injinsa, ƙwan fitila uku suka kama, mutane suka sha kallo kyauta suka watse. Ana gama kaka ruwa ya ja baya, inji ya tsaya cak. Ashe gwanin namu ruwan damina ya auna! Da Yelwa ta faɗa masa haka, sai ya hau dokin zuciya.

"Ke ma kin koma bayan Barau ke nan."

Sati uku bai leƙo ba. Yelwa ta kasa zaune ta kasa tsaye, kullum tana jin ƙararrawar keken nan a bakin ruga gabanta na faɗuwa. Da abin ya ishe ta, ta ba ƙawarta Lauratu wasiƙa da ajami:

"Sanyin idona, fushi ba zai juya inji ba. Mu masu shanu ruwan rani muke aunawa. Ka haura gindin dutsen da muke shayarwa, ruwansa bai taɓa yankewa ba. Kuma ka bar zancen fitila tukuna, daka ce ta ishi mata. Ina tsoro, Halliru. Taka, Yelwa."

Ya karanta, kunya ta rufe shi. Da jaki biyu ya kwashe kayan zuwa gindin dutsen, ya haɗa da dutsen niƙa. Gidaje suka fara aiko da dawa, kowace ƙwarya ana ɗebar masa tafi ɗaya. Ribar niƙan rana ita ta riƙe fitilun da ya sa wa masallaci.

Ana tsakar zafin bazara Arɗo ya zo da kansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tura hannu cikin garin da aka niƙa, ya ji ɗumi.

"Wa ya nuna maka wurin nan?"

Halliru ya sunkuyar da kai. "Yelwa ce, Baffa."

"To turo magabatan naka ran Juma'a. Ba zan raba ka da mai hankalin gidanka ba."

Aka ɗaura aure kafin ruwan shuka ya sauka. Arɗo ya ɗaga hannu ya sa albarka.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ka riƙa jin maganarta, ɗana."