Kujerar Baya

Ranar Asabar da hantsi Fauziyya tana gyaran alayyafo a tsakar gida, mijinta Nasiruddeen ya shigo da fara'arsa ya ce ta sako mayafi, Gauraka za su, wurin masu sayar da motoci. An ƙara masa girma a kamfanin da yake aiki a Abuja, ya kuma yanke shawarar rabuwa da ƙaramar motarsa ya sayi jif. Shekararsu biyu da aure, suna zaune a gidan mahaifinsa da ke unguwar Hashimi, sashensu daban. Tun da ta tare, ko labule bai taɓa saya ba sai ya ji ta bakinta.

A wurin dillalin motocin, wani mai suna Tochukwu, suka tarar da Yaya Lukuman, wan Nasiruddeen, ya riga su zuwa. Motoci biyu aka ware musu. Ɗaya baƙa ce mai sheƙi, rufinta ya zube ta baya, kujerunta jar fata. Ɗayar ruwan toka, doguwa, ba ta da wani ado, kujerunta layi uku.

Mazan suka tsaya a gaban baƙar suna yaba fitilu da sitiyari. Ita kuwa Fauziyya ƙofar baya ta buɗe. Sai da ta sunkuya sosai kafin ta shiga, duk da haka ɗankwalinta ya gogi rufi. Kujerar ta lotsa da ita ƙasa, gwiwoyinta suka ɗago har suna taɓa bayan ta gaba, ita da ba doguwa ba. Ta fito ta koma mai ruwan toka. Wannan ƙofarta tana buɗuwa gaba ɗaya, akwai matakin ɗora ƙafa da mariƙi a sama. Ta ja kujerar baya, ta kwantar da ita kaɗan, ta miƙe ƙafafunta ba su taɓa komai ba. Ta daɗe a zaune tana danna kushin da tafin hannu.

Da Nasiruddeen ya tambaye ta, ta ce mai ruwan toka. Yaya Lukuman ya yi dariya, ya ce wannan ai motar kai yara makaranta ce, manaja guda ba zai shiga Abuja da ita ba.

Fauziyya tana da dalili, amma ba ta da ikon faɗinsa. Surukinta Malam Bamalli, tsohon malamin makaranta ne, dogo ƙwarai. Da yake Nasiruddeen daga sallar asuba yake kama hanya, ita take kai surukin nata asibiti duk bayan mako biyu, ranar mijin yakan bar mata motar. 'Ya'yansa sun ɗauka awon hawan jini ne kawai. Ita kaɗai ta san likita ya ce ƙashin bayansa ya zaizaye, ita kaɗai take ganin yadda yake kwashe minti goma kafin ya naɗe jikinsa ya shiga ƙaramar motar, gumi yana zubo masa, yana cije leɓe. Ya sa ta yi masa alkawari cewa ba za ta gaya wa kowa ba. In suka sani, in ji shi, za su hana shi zuwa masallaci da ƙafarsa, su ajiye shi a ɗaki suna leƙowa.

Da la'asar Anti Azumi, babbar yayarsu, ta zo gidan, Yaya Lukuman ya riga ya ba ta labari a waya. Ba ta ɓoye abin da ke ranta ba. Ta ce kowa ya gane lissafin, kujeru layi uku ai na dangin Fauziyya ne na Sabon Wuse, duk biki duk suna a zo a kwashe su, ƙaninta ya zama direba. Ta ce dama ta daɗe tana lura, yaron nan ba ya motsi sai da izinin matarsa.

Duk wannan a gaban Nasiruddeen aka yi. Sai da suka koma ɗaki ya zauna kusa da ita, ya riƙe hannunta.

"Fauziyya, ki faɗa min gaskiya. Me ya sa kika dage?"

"Ta fi daɗin zama, Yaya Nasir."

"Ni a gaba zan zauna, ke ma a gaba. Daɗin zama ga wa?"

Ta sunkuyar da kai. Ya gaji da jira, ya saki hannun ya fita.

Washegari da ta kai wa Malam Bamalli kunu ta roƙe shi ya bari ta gaya wa ɗansa halin da ake ciki. Ya ce ta ƙara masa haƙuri zuwa bayan Sallah. Ba ta faɗa masa rigimar da ake yi ba, don tana jin nauyin kai ƙarar mijinta wurin mahaifinsa.

Mako guda gidan ba daɗi. Nasiruddeen ya daina kiranta daga ofis, in ya dawo ya ci abinci shi kaɗai. Anti Azumi kullum tana hanya, kowane zuwa da sabuwar magana. Ranar Talata, da ya sake tambayarta ta sake yin shiru, sai ya ce tunda mutanen Sabon Wuse ne a ranta, ta je ta huta a can kwana biyu. Ta haɗa kaya kala uku a jaka. Ba ta yi kuka ba sai da motar haya ta hau babban titi, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da mahaifiyarta ta tambaye ta, ta ce gaisuwa ta zo. Tsohuwar ta dubi jakar, ba ta ƙara tambaya ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Fauziyya tana wanke shinkafa, aka yi sallama da muryar da ta sani. Nasiruddeen ne, a tsohuwar motarsa. Ya durƙusa ya gaida surukarsa, sannan ya nemi a ba shi Fauziyya su yi magana a zaure.

A nan ya ba ta labari. Tochukwu ya ba su baƙar motar su gwada kafin a gama ciniki, suka kawo ta gida don Baba ya sa albarka, su kai shi masallaci a ciki. Baba ya tsaya yana kallon ƙofar, ya ce zai tafi da ƙafa. Yaya Lukuman ya matsa, maƙwabta kuma sun fito. Da tsohon ya sunkuya ya zura ƙafa ɗaya, kujerar ta ja shi ƙasa, bayansa ya riƙe, ya kasa shiga ya kasa fita. Hularsa ta faɗi a kwata. Sai da mutum uku suka ciccibo shi. Bayan an kwantar da shi ya buɗe ido, ya ce a kira masa Fauziyya, ita ta san yadda ake tallafa shi. Aka ce ba ta nan. Ya tambayi dalili, Anti Azumi ta fara bayani, ya ɗaga mata hannu, ya faɗi komai da bakinsa.

"Wata bakwai kina ɗauke da wannan," in ji Nasiruddeen. "Ni kuma na kore ki."

"Alkawari na yi masa," ta ce. "Yanzu yaya jikin nasa?"

Ya ce da sauƙi, likita ya zo. Ya roƙe ta gafara har sau uku. Ta ce ta yafe, amma ta gaya masa abin da ya fi yi mata ciwo, wato da ta yi shiru, zargi ya fara zuwa masa kafin uzuri. Bai kare kansa ba. Ta shiga ta ɗauko jakarta.

Mai ruwan tokar suka saya. Ranar da aka kawo ta, Malam Bamalli ya dafa kafaɗar ɗansa, ya taka matakin, ya zauna ba tare da ya cije leɓe ba, ya yi ta sa wa Fauziyya albarka har ta ji kunya ta koma ciki. Yanzu Nasiruddeen ne yake neman izini a ofis ya kai shi asibiti. Yaya Lukuman ya zo har sashensu ya ba da haƙuri. Anti Azumi ba ta taɓa ta da maganar ba, sai dai ta aiko da turaren wuta, kuma ta daina shiga harkar gidan.

Wanda duk ya san halin mutum shekara da shekaru, bai kamata magana ɗaya daga waje ta rushe masa wannan sanin ba. Fauziyya ta riƙe amana a lokacin da riƙon ya kusa raba ta da aurenta, Allah kuma ya wanke ta ba tare da ta buɗe baki ba.