Tasalla da Tsakon da Ya Ɓata

A can wani gari, an yi wata malama mai koya wa ƙananan yara taurari da gyaɗa. Wata rana ta ba kowa ƙwaya bakwai, ta ce, "Ku jera mini taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta."

Wata yarinya, Tasalla, ta jera ta duba, ta jera ta duba. Gyaɗar kuwa soyayyiya ce. Sai ta jefa ɗaya a baki.

Malama ta zo ta ƙirga. "Tasalla, ina tsako ɗaya?"

Ga akuya nan tsaye kusa, da sauƙin ɗora wa laifi. Tasalla ta dubi akuya, ta sunkuyar da kai.

"Malama, yana cikina."

Malama ta yi dariya har da hawaye, ta miƙo mata wata ƙwayar. "Ungo. Wannan ki bar shi ya girma."