Gashin Haɓar Bahijja

Kowace safiya Bahijja takan kulle kanta a ɗaki da madubi da hantsaki, tana tsige gashin da ke fito mata a haɓa. Tun tana aji biyar a sakandare ya fara, yanzu kuwa da take koyarwa a wata firamare cikin garin Kazaure ya yi kauri, har hoda ta daina rufe shi. Ummanta ce kaɗai ta sani, sai Nafisat 'yar kawunta.

Saura wata uku bikinta da Musaddiƙ, malamin gona ɗan Roni, sai Gwaggo Tasalla, yayar mahaifinsa, ta faɗo gidan ba sanarwa. Ta tarar da Bahijja tana wanki a tsakar gida, ba mayafi ba hoda, ranar ko tsigewar ba ta yi ba. Da ƙyar Gwaggo ta amsa gaisuwa, ruwan da aka kawo mata ma ba ta taɓa ba. Kwana biyu magana ta dawo daga Roni: wai mace mai gemu ba ta haihuwa, gara a fasa tun ba a kai lefe ba.

Bahijja ta yi kuka har idonta ya kumbura. Nafisat ce ta nuna mata tallar wani shagon gyaran jiki na Kano a waya, inda suke ƙone gashi da hasken leza.

"Sau ɗaya tak za a yi miki, Anti, shi ke nan har abada," in ji ta.

Ranar Asabar suka hau mota, ba ta ko faɗa wa Musaddiƙ ba. Matar shagon ba ta tambaye ta komai ba, ta dai kunna na'ura ta ɗora. Kowace walƙiya sai Bahijja ta ji kamar an tsula mata roba mai zafi, ga ƙaurin gashi ya cika ɗakin. Ta cije leɓe ta daure. Kafin su iso gida haɓar ta kumbura, kwana uku ta yi bororo, da ya fashe ya bar baƙin tabo. Ta sayi niƙabi, ta daina ɗaga waya. Bayan sati biyar kuma gashin ya sake tsirowa ta cikin tabon.

Wata la'asar Musaddiƙ ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gida, ya zauna a zaure ya ce ba zai tashi ba sai ta fito. Umma ce ta tilasta mata. Ta zauna can nesa da shi, ta ɗaga niƙabin, hawaye na zuba.

"Ga abin da na yi wa kaina. Ka bi maganar Gwaggo kawai, Yaya Musaddiƙ – ba zan ga laifinka ba."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaya ko har yanzu wurin na mata zafi. Ta gyaɗa kai.

"Gashin nan tun zuwana na farko na gan shi, kuma na dawo washegari," ya ce. "Abin da ya ɓata min rai shi ne ki je ki ƙone fuskarki saboda ni, ba ki ko tambaye ni ba."

Ya nemi izinin Umma, su uku har da Umman suka tafi Kano wurin likitar fata, Dakta Sadiyya. Ta duba tabon, ta sa aka yi gwajin jini. Ta yi musu bayani cewa leza na aiki, amma rage gashi take yi, ba ta cika kawar da shi gaba ɗaya ba, kuma sai an yi sau shida ko takwas. Baƙar fata tana da irin na'urar da ta dace da ita, in aka kuskure sai ƙuna da tabo. Ta ce gashin Bahijja daga rikicewar sinadaran jiki ne, shi ya sa ya yi saurin dawowa, kuma mata da yawa masu irinsa suna haihuwa lafiya. Ta rubuta magani da man kare fata daga rana, ta hana ta tsigewa, ta ce a jira wurin ya warke tukuna.

A Roni kuwa Gwaggo Tasalla ba ta sauko ba. Musaddiƙ ya durƙusa gabanta sau uku, bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma bai ce ya fasa ba. Ana cikin haka mahaifiyarsa, Hajiya Ya Kura, wadda ba ta ce uffan ba tun farko, ta shirya ta zo Kazaure da kanta. Ta sa aka kira Bahijja ɗakin Umma, ta kama hannunta ta ɗora a kan tata haɓar. Bahijja ta ji kaushin gashi a ƙarƙashin yatsunta.

"Shekara talatin ina tsige shi, 'yata, ko Tasalla ba ta sani ba. 'Ya'ya bakwai na haifa. Kunya ce ta hana ni magana har kika ji ciwo, ki yafe mini."

Bahijja ta kifa kai a cinyarta tana kuka. Da Hajiya ta koma gida ta faɗi wannan maganar a gaban dangi, daga baya Gwaggo ce ta jagoranci kai lefe.

An ɗaga bikin da wata biyu, aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Bahijja ta yi zuwa bakwai wurin Dakta Sadiyya ana yi mata leza da na'urar da ta dace da fatarta, kowane zuwa haɓar kan yi ja na kwana ɗaya ta lafa. Gashin bai tafi duka ba. 'Yan silalai masu laushi kan leƙo bayan watanni, tabo ɗaya kuma ya ƙi gogewa. Ba ta damu ba. Duk ɗalibarta ko ƙawa da ta zo mata da irin wannan damuwa takan ce ta fara ganin likita, kuma kada ta ɓoye wa mai sonta da gaskiya, domin gaggawa da ɓoyo ne suka ƙona ta, haƙuri kuma ya warkar da ita. Takan ƙara da gode wa Allah da ya ba ta miji mai tsayawa, da surukar da ta tona sirrin kanta don ta rufa nata.