Shanun Saudat da Shagunan Bakin Titi

Saudat ta ajiye wa mijinta Mutawakkil tuwo da miyar kuka, ya yi loma biyu ya wanke hannu. Tun da aka rufa wa shagunansa kwano abinci ya daina shiga masa, in ta yi masa dariya sai ya kawar da kai.

Fili ya saya a bakin titin Tambuwal, da niyyar gina shaguna ya ba da haya, sai gini ya tsaya a linta. Banki suka nemi jingina, ga kuɗin ruwa da zuciyarsa ta ƙi. Adashin ofishinsu kuwa ko siminti bai ishe shi ba. Nan yayarsa Dada ta tuna masa da shanun da Saudat ta gada wajen mahaifiyarta, suna can Fakku hannun surukinsa, Malam Lauwali. Ta ce abin mata ai na miji ne, in haya ta fara shigowa ya mayar ba wanda ya ji. Ya je ya ce wa Malam Lauwali wai Saudat ce ta aiko shi, aka kora shanu kasuwa, da kuɗin ya ƙarasa gini.

Ran nan da hantsi sai ga Malam Lauwali ya zo da ƙwaryar man shanu. Bayan gaisuwa ya dubi 'yarsa.

"Ɗiyata, ban zaci za ki rabu da jar saniyar uwarki ba."

Saudat ta ɗago ta dubi Mutawakkil, ta daɗe, sannan ta sunkuyar da kai.

"Ni na ce a sayar, Baba. Gini muka sa gaba."

Tsoho ya sa albarka ya tafi. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata, ta juya ga mijinta.

"Yaya, wallahi da ka tambaye ni da na ba ka duka. Abin da ya yi mini ciwo, ka sa na yi wa mahaifina ƙarya."

Da Mutawakkil ya faɗa wa Dada, ta ce ya share, tunda yarinya ta rufa asiri, amma ya ƙi. Washegari ya hau babur zuwa Fakku, ya durƙusa gaban surukinsa ya faɗi gaskiya, ya ce laifin ƙaryar ma a wuyansa yake. Malam Lauwali ya yi masa faɗa sosai, sannan ya ce haƙƙin na Saudat ne, can zai nemi gafara.

A gaban shaidu Mutawakkil ya mallaka mata rabin shagunan. Ba ta saki fuska nan da nan ba, sai a hankali. Da hayarta ta farko ta taru ta sayi karsana, ta roƙe shi ya raka ta su kai Fakku tare.

Dukiyar mace amana ce a hannun miji, ba ta halatta sai da yardarta. Haƙurin Saudat ya tsare mata aurenta, haƙƙinta kuma ya dawo mata.