Rumfa a Gonar Malam Yari

"Wa yak kahwa rumfag ga nan?"

Gimbiya ta ɗago kai, ludayi a hannunta. Rana ta take, ga shi ranar biyan albashi ce, leburorin da ke haƙar kanal, hanyar ruwan dam, sun cika gaban rumfar ba masaka tsinke. Mai neman taba na ihu, mai neman shinkafa da wake na buga kwano.

Sai ta ga mai maganar.

Inna Nagode ce, mahaifiyar Falalu, wanda za a ɗaura wa aure da Gimbiya bayan Sallah. A bayanta Baturiya ce, 'yar kawunsa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska wai ita mai kunya, alhali idanun nan kamar su faɗo don son kallo.

Gimbiya ta zube ƙasa.

"Inna, sannu da zuwa. Ina wuni? Ina gajiyar..."

"Ba gaisuwa tak kawo ni ba. Ɗauke tiren ga."

Tiren burodi ne, a kan wani ƙaton kututture da ke tsakiyar rumfar. Gimbiya ta ɗauke. Tsohuwar ta durƙusa da ƙyar, ta yi ta shafa gindin kututturen har hannunta ya tsaya a kan wani guntun ƙarfe mai tsatsa da ya nutse cikin itacen.

"Inna lillahi..." in ji ta a hankali. "Ɗorawar Malam ce. Ga bakin galmar da yab buga yana ɗaure jakinai. Gonarmu ta, ɗiyag ga! Cikin gonar mijina kike ciyar da waɗanda sunka rushe ta!"

Har mai buga kwano ya bari.

"Wa yan nuna miki wurin ga?"

Baturiya, Allah ya ba ta lafiyar harshe, ta riga Gimbiya amsawa.

"Ai Yaya Falalu na, Inna. Shi yag gina ramukkan dirkokin da hannunai."

Abin mamaki, Gimbiya ba ta ji komai ba. Ta dai lura wutar murhu tana neman mutuwa.

Haka take tun shekarar da ruwan dam ya cinye gonakin garinsu a ƙasar Maradun. Ta tsaya a kan tudu ta ga ruwa yana hawa bangon ɗakin da aka haife ta, mata na kururuwa, ita ko ƙwalla. Bazawara ce, ga uba da ido ya fara gazawa, ga ƙanne a raɓe gidan dangi a Dosara. Sai ta lura da abin da manyan 'yan kasuwar Mafara ba su lura ba: lebura ba ya zuwa kasuwa, kasuwa ce za ta je masa.

Dirkoki huɗu, zana, tukunya, shi ke nan shagon. Takan bugi cikin direbobin katafila ta ji inda aiki zai nufa, kafin su isa ta riga ta kafa. Taba ƙwara-ƙwara, ashana, sukari, sabulu, kifin gwangwani, burodin da motar safe ke kawo mata daga Mafara. Ba ta jibga kaya, sai abin da zai ƙare a ranar. Aiki na matsawa, ta tuge ta bi. Masu kwaikwayonta sun yi ta zuwa, kullum sai su tarar ta tashi.

Ciniki kam ta yi shi. Daɗinsa ne ba ta sani ba.

Falalu ne kaɗai ya taɓa sa ta dariya. Manomi ne ɗan Birnin Tudu da aka baje gonarsa da sunan za a raba masa sabuwa, ya koma kawo itace a jaki. Yakan sauke mata ba ta tambaya ba, ya zauna yana tsokanarta.

"Gimbiyata, sarautar taki ba fada? Kullum a kan hanya?"

"Kai ka gina man fadar mana."

"Sai na gina, wallahi, ko da kara!"

Da aiki ya iso gefen garin su Falalu, shi ya zaga da ita. Fili ne fetal iya ganinka, jar ƙasa, ba itace, ba gamba, ba kunyar noma ko ɗaya da za ta nuna maka iyakar wani. Ya ga kututture ya yi murna, ya ce ga teburi Allah ya ba ta. Yana haƙa ramukan yana waƙa.

Ranar da Inna ta zo, Gimbiya ba ta jira la'asar ba. Ta sauke tukunya da sauran abinci a ciki, ta kwance zana, ta tuge dirkokin, leburori na ta magiya. Ta ja kayanta can bakin hanyar Bakura.

A nan Falalu ya same ta washegari da hantsi.

Ba jaki, ba tsokana. Ya tsaya daga nesa kamar baƙo.

"Falalu... na tashi. Ka gani? Tun jiya nit tashi."

"Na gani."

"Wallahi ban sani ba, masoyina."

"Ke ina za ki sani? Ke baƙuwa ta." Ya kalli tafin hannunsa. "Inna ma ta ce ba ta riƙe ki ba. Ta ce a yi biki yadda anka shirya."

Wani abu ya ɗan motsa a ƙirjin Gimbiya.

"To, alhamdu lillahi! Mi ya rage?"

"Kin san abin da tac ce man? Ba ta yi hwaɗa ba. Cewa tay yi, Falalu, tun kana goye nike aje ka ƙarƙashin iccen ga, ashe kana iya zama bisa shi ka sha shayi. Gimbiya, na zamna bisa shi! Kullum! Gonar da nin noma tun ina yaro, na tsaya cikinta ban gane ta ba."

"Sun baje ta. Ko wane na, ba ya gane ta."

"Tsohuwa ta gane ta."



Ya gaya mata manoma sun tare hanyar shiga wurin aiki, sun ce ba motar da za ta wuce sai an sallame su. Da can yakan ce wannan aikin masu zafin kai ne, shi aure zai yi. Yanzu can zai tafi.

"Ka bari sai bayan biki."

"Da wace huska zan shiga ɗakinki?"

"Da wagga da nike so! Ni ba gona nike aure ba, kai na!"

Ya ɗan yi murmushi, irin wanda ba ya kai ido.

"In an maido muna ita, nan zan gina miki hwadar. Ki jira ni, Gimbiyata."

Ta riƙe gefen rigarsa a gaban mutane, ita da ko hannunsa ba ta taɓa kamawa ba. Ya zare a hankali, ya tafi.

Ta jira.

Tare hanyar ya ja kwanaki, aiki ya tsaya, leburori suka rasa abin yi sai zaman rumfarta. Ba ta taɓa ciniki irin na lokacin ba. Kullum takan ɗebi abinci a kwano ta ba masu wucewa su kai masa, kullum kwanon ya dawo wanke, ba saƙo.

Wata safiya tana hura wuta aka fara jin ƙara daga wajen Birnin Tudu. Wani ya ce tayar mota ce. Da ƙarar ta ƙi tsayawa, kowa ya gane harbin bindiga ne. Ta ci gaba da hura wutar, don ba ta san abin da za ta yi da bakinta ba.

Baturiya ce ta zo, bayan kwana biyu. Ba mayafi a fuska wannan karon, ƙafafunta duk ƙura.

"Yaya Falalu ba shi cikin waɗanda sunka dawo."

Gimbiya ta dube ta.

"An ga... Bawa maƙwabcinmu ya ce ya gan shi sa'ad da yaf faɗi." Sai ta fashe da kuka, ta zube a gaban murhu. "Ni nik kai Inna! Sabulu niz zo saye nig ga ƙarhen. So nike a hwasa auren kawai, wallahi auren kawai!"

"To, an hwasa," in ji Gimbiya.

Ba da gatse ta faɗa ba. Ta ɗebo ruwa ta miƙa mata.

Ta je gidan su Falalu ta yi gaisuwa. Inna Nagode ta rungume ta tana kiranta ɗiyata, ta zaunar da ita cikin 'yan zaman makoki. Gimbiya ta zauna tana jiran kukan ya zo. Mijinta na fari, wanda ko hirar kirki ba su taɓa yi ba, ta yi masa takaba cikakkiya, ta cire 'yan kunne, ta yi kuka har murya ta dushe. A hankali ta kai hannu ta fara cire na kunnenta.

Wata gwaggo da ke kusa ta riƙe mata hannu, cikin tausayi.

"A'a, ɗiyata, bar su. Ba a ɗaura ba ai. Ke ba ki da takaba."

Gimbiya ta ce, "Haka na."

Ta mayar da ɗan kunnen. Da aka yi addu'a aka shafa, ta tashi ta nemi takalmanta, don motar burodi da sassafe take zuwa.